Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki ta Kongo

Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki, wadda aka fi sani da Kongo, makaranta ce a Zariya da ke wajen ganuwar birni, kusa da Tudun Wada. An kafa ta ne domin cike giɓin da ke tsakanin karatun makaranta da ƙwarewar da aikin gwamnati ke buƙata a Arewacin Najeriya.

Tarihi

Ta fara a shekarar 1947 a matsayin wurin horar da akawu. A lokacin, ɗaliban midil na fita da karatu da rubutu da lissafi, amma ba a koya musu riƙon littafin baitulmali ko rubuta takardar ofis ba. Shi ya sa ma'aikatan Kudu da Turawa suka cika ofisoshin gwamnatin Arewa. A 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a majalisar Kaduna yana neman a gyara tsarin En'e. A 1954 aka ɗaga makarantar zuwa cibiya, ta zama wurin da gwamnatin Sardauna ke horar da 'yan Arewa domin su gaji kujerun Turawa.

Matsalar ta fi fitowa fili a ɓangaren shari'a. Alƙalan Arewa malamai ne da suka yi zurfi a fiƙihun Malikiyya da Larabci, sai ga sabuwar dokar hukunta laifuffuka da ta fara aiki a 1960, an rubuta ta da Turanci. Iliminsu bai gaza ba, harshen aikin ne da tsarinsa suka sauya. A Kongo aka riƙa ba su horo kan dokar.

Bayan 1962

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cibiyar ta shiga ƙarƙashinta. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, jami'ar na cikin uku da aka ɗora wa horar da ma'aikatansu, tare da na Ife da Nsukka.

Koken bai ƙare ba. Har yau ana jin shugabannin ma'aikatu na cewa mai digiri kan kama aiki bai iya rubuta takardar ofis ko sarrafa kwamfuta ba. Irin wannan koke ne ya sa aka ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, wanda ke tura ɗalibai koyon aiki kafin su kammala.