Ciwon Hanta a Yamai: Yadda Ƙidayar Ambato ta Zama Ma'aunin Mai Bincike

Duk ranar 28 ga Yuli, ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya, wata gardama kan taso tsakanin malaman likitanci: da me ake auna mai bincike? Da yawan maƙalolinsa da yawan waɗanda suka ambace su, ko da marasa lafiyar da aikinsa ya amfana? Kafin a raba wannan gardama a Yamai, ya kamata a san ta inda muka biyo.

Cutar ta riga bincike daɗewa. Tun kaka da kakanni, in idon mutum ya yi ɗorawa sai a ce shawara ce, a jiƙa masa saiwar rawaya. In cikinsa ya kumbura ya rame, sai a ce sammu ne. Likitocin zamanin Turawa sun lura kansar hanta na kashe maza matasa a Afirka ta Yamma, amma dalilin ya gagare su. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗa mai funfuna, aka gano gubar aflatoksin mai lalata hanta. Ƙasar gyaɗa irin Maraɗi da Damagaram da Kano, dole wannan labari ya shafe ta.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 1965 Baruch Blumberg na Amurka ya bayyana wata alama da ya gani a jinin wani ɗan asalin Ostareliya, wadda daga baya ta tabbata ta ƙwayar ciwon hanta nau'in B ce. Ya samu kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa ce aka mayar ranar tunawa da cutar. A 1977 Mario Rizzetto ya gano nau'in D a Italiya. A 1981 Palmer Beasley ya wallafa sakamakon bin diddigin maza 22,707 a Taiwan, ya nuna ƙwayar B ce babbar mai jawo kansar hanta. A wannan tsakanin Philippe Maupas na Faransa ya gwada allurar rigakafi kan yaran Niakhar a Senegal.

Yamai ba ta zauna kallo ba. An buɗe karatun jami'a a 1971, makarantar koyon likitanci ta biyo baya a 1974. A 1987 wata mujallar likitancin ƙasashe masu zafi ta London ta buga binciken da aka yi kan mazauna harabar jami'ar, inda aka samu masu ɗauke da nau'in B da D da yawa cikin mutanen da ba su jin ciwon komai. A 1992 aka fara rajistar masu kansa a Yamai, kansar hanta ta fito a sahun gaba tsakanin maza. A 1995 Arnaud Cénac da abokan aikinsa suka wallafa nazari kan nau'o'in B da C da D a jikin masu ƙanƙancewar hanta da masu kansa. A 2012 Saïdou Mamadou da tawagarsa suka samu ƙwayar B a jinin kusan 16 cikin 100 na mata masu juna biyu da suka gwada. Aiki ne na gaske, wanda aka yi shi da kayan aiki kaɗan.

To ina ƙidayar ambaton ta fito? Eugene Garfield ne ya kawo shawarar lissafa ambato a 1955, ya fitar da kundinsa a 1964, da nufin taimaka wa mai neman abin karantawa. A 2005 Jorge Hirsch ya ƙirƙiro lamba ɗaya mai haɗa yawan maƙala da yawan ambato. Sannu a hankali abin neman karatu ya koma sikelin auna mutane. A yankinmu hukumar CAMES, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968 kuma take zaune a Wagadugu, ita ke tantance ƙarin girman malaman jami'a, kuma abin da malami ya wallafa ne kan gaba a takardunsa.

Me ya sa ba a cika ambaton binciken hanta na Nijar ba? Wasu sun ce harshe ne: abin da aka rubuta da Faransanci, manyan kundayen ƙidaya ba su cika ɗaukarsa ba. Akwai gaskiya a ciki, sai dai maƙalolin 1987 da 1995 da 2012 duk da Turanci aka buga su. Wasu sun ce kuɗi ne. Wannan ma haka ne, amma kuɗin ayyukan lafiya sun sha shigowa su ƙare ba su bar tarihin mara lafiya ko ɗaya ba.

Ni dai a wurina babban dalili shi ne rashin ɗorewa. Ciwon hanta yakan yi shekara 20 ko 30 yana cin mutum a ɓoye, saboda haka binciken da ya auna jini sau ɗaya ya tashi ba zai faɗi abin da duniya ke jira ba. Dubi Gambiya, wadda jama'arta ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na Nijar ba. Cibiyar binciken lafiya ta Ingila na can tun 1947. A 1986 aka fara aikin rigakafi da ya shafi yara fiye da 120,000, aka ci gaba da bin su har suka girma. Shirin PROLIFICA, wanda Maud Lemoine da Ramou Njie suka yi aiki a cikinsa daga 2011, ya bi ƙauyuka yana gwaji yana ba da maganin tenofovir. Daga bayanansa Yusuke Shimakawa ya fitar da ma'aunin TREAT-B a 2018, mai nuna wanda ke bukatar magani da gwajin jini guda biyu masu sauƙi. Ana ambaton waɗannan ayyuka ne don sun amsa tambayar likitan da ba shi da manyan na'urori. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sassauta sharuɗɗan fara magani.

Nijar ta saka rigakafin nau'in B cikin allurar yara a 2008, shekara 16 bayan hukumar ta yi kira a 1992. Yaran farko da suka samu allurar sun kusa zama iyaye. Su ne ya kamata Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar binciken lafiya ta CERMES da cibiyar ƙarin jini ta ƙasa da manyan asibitocin Yamai su haɗu su riƙa bi, da rajista ɗaya wadda ba ta mutuwa in mai ba da tallafi ya tafi. Masu ƙarin girma kuma su sa wannan wahala cikin lissafi, domin malamin da ya riƙe rajistar marasa lafiya shekara goma ya fi wanda ya yayyanka bincike ɗaya ya fitar da maƙala biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 jarirai 18 cikin 100 ne kawai a Afirka suka samu allurar nau'in B ta ranar haihuwa. Wannan ce lambar da ta kamata ta hana mu barci, kuma mai binciken da ya ɗaga ta ba zai rasa masu ambatonsa ba.