Zanen Aro: Tarihin Nuna Dukiya a Finafinan Hausa

Nuna abin hannu ya girmi fim a ƙasar Hausa. Tun zamanin kakanninmu ana auna darajar amarya da jeren ɗakinta, daga ƙore da tasa har aka zo kan kwalla da tangaran. Amma a wancan lokaci maƙwabta kaɗai ke gani, kuma kowa ya san iyakar ƙarfin kowa.

Kuɗin man fetur ne suka sauya ma'auni. A 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, kasuwanni suka cika da rediyo da babura. A shekarun nan ne kuma gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga da otal ɗin Bagauda a yankin Bebeji, inda manya ke zuwa shaƙatawa. Daɗin bai daɗe ba. A 1986 shirin SAP ya karya darajar naira, talaka ya koma kallon abin da hannunsa ba ya kaiwa.

Cikin wannan ƙunci aka haifi fim ɗin Hausa na bidiyo, wato lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990. A 1994 Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim, inda 'yar masu hali ta zaɓi talaka, ta ƙi attajiri. Sangaya ta 1999 kuwa ta haɗa ɗan sarki da 'yar aikin gidansu. Darasin duka ɗaya ne: mutunci ya fi dukiya.

To amma a nan gizo ke saƙa. Baki yana zagin kwaɗayi, kyamara kuwa tana daɗewa a kan falo da mota da leshi. Mai kallo yakan manta wa'azin da aka yi a minti biyar na ƙarshe, ya riƙe kujerun da ya kalla na awa biyu. Alhali yawancin gidajen nan da motocin aro ne ko haya, ana gama ɗauka a mayar wa masu su.

Da kaset ne, sai an taru a gidan mai bidiyo. Yau wayar hannu ta kai wannan falo har gonakin masara na Doguwa da Tudun Wada. Ɗalibanmu na Kiru da Bebeji da shi suke auna gidajen iyayensu, sannan manomi ya sayar da amfanin shekara guda don haɗa lefe ko kayan ɗaki irin na fim, ya shiga damina da bashi.

Ba a ce a daina nuna mai kuɗi ba. Roƙonmu ga marubuta shi ne su riƙa nuna inda kuɗin ya fito, da gumin da aka zubar kafin a same shi. Mu kuma malamai da iyaye mu gaya wa yara gaskiya, cewa motar jarumin nan ba tasa ba ce, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Allah Ya sa mu gane.