Daga Gidan Maigida Zuwa Majalisar Ciniki: Wa Ke Tsaya Wa Ɗan Kasuwar Zango?



Duk cinikin da ya yi nisa da gida yana bukatar abu huɗu: wanda zai shaidi baƙo, wanda zai gaya masa farashin gaskiya, wanda zai raba gardama idan ta taso, da wanda zai yi magana da masu mulki a madadin kowa. Domin waɗannan huɗu ake kafa majalisar ciniki a kowace ƙasa. Kakanninmu sun yi su duka tun ba a san ofis ba, kuma sanin yadda suka yi, da inda tsarinsu ya gaza, shi zai nuna mana abin da ya rage a wuyanmu.

A tsakiyar ƙarni na 18 Tonawa suka ci ƙasar Gwanja da yaƙi, Salga ta zama kasuwar da goron kurmin Asante ke haɗuwa da fataken arewa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan taso daga ƙasar Kano da maƙwabtanta da jakuna, ɗauke da kanwa da turkuɗi da jan fata, su ratsa Borgu, su yi wata da watanni a hanya. Madugu ne uban tafiya. Shi ke zaɓen zango, shi ke daidaitawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, sa'an nan ya raba nauyin a kan 'yan ayari gwargwadon kayan kowa. Da falke ɗaya zai je gaban sarki shi kaɗai, da an yanka masa abin da aka ga dama. Ayari kuwa yana iya sauya hanya baɗi, kuma sarakuna sun san da haka.

Idan an isa Salga sai aiki ya koma hannun maigida. Shi ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillalin da ya san harshen gari da farashin rana. Mafi girman aikinsa shi ne lamuni. Mai saye ba ya da kuɗi a hannu, mai sayarwa bai san shi ba, sai maigida ya tsaya a tsakani: in mai saye ya gudu, shi zai biya. Ladansa la'ada ce, jarinsa kuwa sunansa, domin ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya labari zai riga ayari isa Kano. Idan rigima ta fi ƙarfinsa a kai ta gaban liman ko manyan unguwa. Malamai ne ke rubuta wasiƙun bashi da na gabatarwa, har Alhaji Umaru na Salga, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya wallafa littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa.

Abin da ya nuna ƙarfin wannan tsari shi ne bai mutu tare da garin da ya raine shi ba. Bayan Ingilishi sun ƙone Kumasi a 1874, Salga ta ɓalle daga Asante, goro ya karkata zuwa Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salga, mutanenta suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi da Ankara. Duk inda suka sauka sai ga maigida, ga dillali, ga liman, daga baya ga sarkin zango. Da jirgin ƙasa ya haɗa Sekondi da Kumasi a 1903, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, kuma Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fatauci a nan kafin ya koma Kano, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan hanya. Har a shekarun 1960 wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta tarar da maigida da dillali suna aikinsu a Kumasi.

A daidai wannan zamani wani tsari dabam yana girma a bakin teku. Turawa sun zo da al'adarsu ta majalisar ciniki, wadda tarihinta ke komawa birnin Marsai na Faransa a 1599. Majalisun da suka kafa a garuruwan bakin teku da Kumasi muryar manyan kamfanoninsu ce ta fi ƙarfi a ciki, kuma su gwamna ke saurara a kan haraji da kuɗin jirgi. Ƙorafin cewa kamfanonin nan sun haɗa baki suna tsawwala farashi ne ya sa Nii Kwabena Bonne ya jagoranci ƙaurace wa kayan Turawa a farkon 1948. Bayan samun 'yancin kai, a 1961, aka haɗe majalisun da ke akwai suka zama ta ƙasa guda ɗaya, wadda a yau ake kira Majalisar Ciniki da Masana'antu ta Ƙasar Gana, GNCCI a taƙaice. Yawancin 'yan kasuwar zango ba su bi ta ƙofarta ba, domin suna ganin abin da ke gidansu ya ishe su.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 ta nuna iyakar abin da ke gidan. Gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba ya da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubun dubatar mutane suka tashi, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da sauransu, cikinsu har da waɗanda a nan aka yanke musu cibi. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, basussukan da aka ƙulla da baki suka bi ruwa. A 1970 aka ƙara da dokar da ta keɓe wasu sana'o'i ga 'yan ƙasa kaɗai. Maigida yana iya shaidar mutum a gaban falke ɗan'uwansa, amma shaidarsa ba ta da nauyi a gaban jami'in shige da fice. Zamani ya koma na takarda, mu kuwa muna riƙe da amanar baki.

Wannan darasi bai tsufa ba. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe sayar da kaya a cikin kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma a 2019 da 2020 an rufe shagunan baƙi a Kumasi da Ankara a kanta. Ɗan zango ɗan ƙasa ne, amma wanda sunansa Garba ko Ɗanladi ya san sau nawa ake tambayarsa daga ina ya zo. A 2021 aka tashi masu albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku. A 2023 juyin mulkin Nijar da takunkumin da ya biyo baya suka dagula hanyar albasar Galmi, a 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa tukunyar wani gida a zango, kuma duk a ofis aka yanke su.

To, me majalisar ciniki ke yi wa membobinta? Tana ba da takardar shaidar asalin kaya, wadda da ita ake neman rangwamen kuɗin kwastan a ƙasashen da aka yi yarjejeniya da su. Tana shirya bita a kan riƙe littafin ciniki da haraji, tana kai membobinta baje koli, tana haɗa su da abokan hulɗa na waje. Tana kai kukansu gaban gwamnati idan ana tsara kasafin kuɗi ko kuɗaɗen tashar ruwa. Tana da rassa a Ankara da Tema da Kumasi da Takoradi. A taƙaice, aikin madugu da na maigida ne aka sa wa hatimi. Ga shi kuma sakatariyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka a Ankara take, kuma tun ranar 1 ga Janairu 2021 aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta.

Shiga ba kyauta ba ne. Sai an yi wa sana'a rajista, akwai kuɗin shekara, zaman da Turanci ake yin sa, kuma mai babban kamfani ya fi mai tebur murya. Amma kakanninmu ma ba ɗaiɗai suke zuwa gaban sarki ba. Muna da sarkin fawa da shugabannin masu albasa da na masu shanu da na masu goro, muna da matan da ke riƙe da adashi shekara da shekaru ba tare da kwabo ya ɓata ba. Abin da ya rage shi ne kowace ƙungiya ta yi rajista da sunanta, ta buɗe asusu, ta rubuta basussukanta, ta tura 'ya'yanta da suka yi boko su nema mata kujera a reshen majalisar da ke garinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida ya ci gaba da shaidar baƙonsa kamar yadda ya gada, amma wannan karon da takarda a aljihunsa.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya jiƙan magabatan da suka share mana hanya.