Gari Biyu, Suna Ɗaya

'Yan makaranta, in kun duba taswirar duniya za ku ga birni wai shi Kurɗuba a ƙasar Sifen, sa'an nan ku ga wani mai wannan suna can ƙetaren teku, a Ajantina. Ba kuskuren mai zane ba ne. Suna ma yakan yi ƙaura kamar mutum, kuma kowace ƙaura da dalilinta.

Kurɗuba ta fari ita ce babban birnin Musulmin Andalus. A 785 aka fara ginin babban masallacinta. A 1236 Sarkin Kastil ya ci ta da yaƙi, malamanta suka watse. Cikinsu har da Imamu Ƙurɗubi, mai tafsirin nan da malamanmu ke karantawa a zaure, wanda ya rasu a Masar a 1273. Garnaɗa ce ta saura, ita ma ta faɗi a 1492, watau shekarar da Kolumbus ya isa Amurka.

To, da mutanen Sifen suka bazu a sabuwar ƙasar, sai suka riƙa sa wa garuruwan da suka kafa sunayen na gida. Aka yi Garnaɗa a Nikaraguwa a 1524, aka yi Kurɗuba a Ajantina a 1573. Yau 'yar ta ninka uwar yawan jama'a. Abin mamaki kuma, babban birnin nan na Meziko, Gwadalahara, asalin sunansa Larabci ne, Wadil Hijara, watau kwarin duwatsu. An kori Larabawa, amma sunan da suka raɗa ya shiga jirgi tare da waɗanda suka kore su.

Kada mu yi nisa, mu ma muna da irin wannan a ƙofar gida. Kanta ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya zauna Surame. A 1805 rundunar jihadi, bisa jagorancin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ta ci Birnin Kabi, Sarki Muhammadu Fodi ya fita. Zuriyar Kanta ba su yar da sunan ba, suka tafi da shi har suka tabbata a Argungu, inda sarkinsu yake Sarkin Kabi har yau. A ɓangaren jama'ar Shehu kuwa, Muhammadu Moyijo na Yabo, arewa da Tambuwal, shi ma aka kira shi Sarkin Kabi, sarautar tana gidansa har yanzu. Wanda aka ci ya riƙe sunan don kada a manta asalinsa, wanda ya ci ya ɗauka don a san nasararsa.

Amma fa a yi hattara, kama da wane ba ta wane. Kebbe, maƙwabciyar Tambuwal, tana cikin Jihar Sakkwato, Jihar Kebbi kuwa dabam take, an ƙirƙiro ta a 1991. A rubutun boko harafi ɗaya tak ya raba su, ya kuwa isa ya ɓatar da wasiƙa, ko ya kayar da yaro a jarrabawa.

Saboda haka, in kuka ji suna ɗaya a wuri biyu, ku tambayi dattawa wa ya kawo shi, yaushe, kuma gudu ya yi ko kora ya yi. Abin da suka faɗa ku rubuta shi tun suna da rai. Allah ya ƙara mana sani.