Daidaita Lokacin Tashin Wuta a Injin Kwale-kwale Mai Igiya: Nazari daga Tambuwal da Kebbe

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake saita taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, a injin kwale-kwale da ake tayarwa da igiya. Hujjarta ita ce aikin na awo ne, kuma ƙwarewar da aka samo daga babur da injin ban-ruwa ba ta wadatar a kansa.

Gabatarwa

Gulbin Zamfara, bayan ya baro Gummi, yana ratsa kudancin jihar Sakkwato ta wajen Kebbe da Tambuwal ya nufi Jega. Da rani ruwansa yakan janye ya bar rairayi, amma a watannin Agusta da Satumba sai ya cika ya malale fadamu, mutane su koma ga jirgin fito domin zuwa gona da kasuwa. Injin da ke aiki a irin wannan wuri yana kwana a ajiye wata da watanni, sannan a ɗora masa kaya mafi nauyi a lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. Bakaniken da ya fi kusa da mai jirgi kuwa galibi a kan babur da injin ban-ruwan fadama ya koyi sana'a, domin manyan masu gyaran injin jirgi sun fi yawa a garuruwan bakin Kwara irin su Yawuri.

Abin da ke faruwa cikin silinda

Cakuɗen iska da fetur ba ya ƙonewa nan take, yana bukatar ɗan lokaci. Don haka dole wuta ta tashi kafin fistin ya kai ƙololuwar hawansa, yadda ƙarfin ƙunar zai same shi yana fara gangarowa. A injunan da ake haɗa musu fetur da baƙin mai, irin jerin Yamaha Enduro da suka yaɗu a ruwayen Nijeriya, cikakken gudu yana tsakanin juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti. A juyi 5,000, zagaye ɗaya yana cin kashi 12 cikin 1,000 na daƙiƙa, digiri 20 kuwa bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba. Cikin wannan ɗan taƙi ne lafiyar injin take. Idan wuta ta makara, ƙarfi ya ragu, mai ya tafi a banza, bututun hayaƙi ya yi zafi. Idan ta yi sammako fiye da kima, sai cakuɗen ya riƙa fashewa maimakon ƙuna a hankali, zafi ya taru a kan fistin har ya ɓula shi. A wajen tayarwa ma injin yakan juyo baya ya fizge igiya, ya gurɗe hannun mai ja, kuma mutumin da ke tsaye a gindin jirgi bisa ruwan cika ba shi da wurin faɗuwa sai gulbi.

Nan ne bambancin injin kwale-kwale da na ban-ruwa yake. A ƙaramin injin ban-ruwa, koyil a kafe yake, lokacin wuta ba a taɓa shi. A yawancin injunan kwale-kwale masu igiya kuwa, farantin da ke ɗauke da koyil a ƙarƙashin fulawil yana juyawa tare da totur: a ƙaramin gudu wuta tana tashi kusa da ƙololuwa, a cikakken gudu tana riga ta da kimanin digiri 20 zuwa 25, gwargwadon ƙirar injin. Sandar da ke juya farantin ita ce kuma ke buɗe kafireta. Saboda haka abu uku ake saitawa tare: iyakar baya, iyakar gaba, da gaɓar da kafireta ke fara buɗewa. Wanda ya murɗa ƙusa ɗaya domin ya ji injin ya lafa a bakin gaɓa yana iya ɓata sauran biyun bai sani ba.

Amsa ga masu ja

Za a ce tsohon bakanike da kunne yake gane injin, kuma wannan gaskiya ne a kan abubuwa da yawa. Kunne yana kama ƙarancin mai da mataccen fulogi. Sai dai inji mai sammakon wuta yakan yi ƙara mai daɗi da kuzari idan ba kaya a kansa, ɓarnar ba ta fitowa sai farfela tana cikin ruwa jirgi na ɗauke da buhuna, a lokacin kuma ƙarar injin ta rufe ƙarar fashewar. Fetur ɗin 'yan bumburutu, wanda ya daɗe a jarka ko aka gauraya, yana ƙara rage juriyar injin ga wannan kuskure. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, makararriyar wuta ma ta zama asarar da mai jirgi ke ji a aljihu kullum.

Za a kuma ce sababbin injuna sun bar kwantak sun koma akwatin CDI, don haka ba abin saitawa. Akwatin ya kawar da cinyewar kwantak da gyaran tazararsa, amma sanda da ƙusoshin iyaka suna nan a ƙira da dama. Akwai kuma ɗan ƙarfen da ke riƙe fulawil a kan sandar injin. Idan ba a ɗaure notin fulawil da ƙarfin da littafin kamfani ya faɗa ba, ko farfela ta daki tudun rairayi ko kututture, ƙarfen yakan tsage, fulawil ya goce, alamomin awon da ke jikinsa duka su koma ƙarya. A gulbi mai sauya kwanciya kowace damina, duba wannan ƙarfe ya kamata ya riga kowane saiti.

Hujja ta uku, tsadar kayan awo, ita ce mafi nauyi. Fitilar taimin da ma'aunin fistin ba kowane shago ke iya mallaka ba. Amma kuɗinsu bai kai na sauya fistin da silinda ba, kuma aikin na lokaci-lokaci ne, ba na kullum ba. Fitila ɗaya a hannun ƙungiyar masu fito ko ta makanikai za ta ishi mashigi guda, in aka yi gwajin a farkon damina, injin na cikin ruwa, kafin gulbi ya kawo.