Yadda Dragon Quest Ya Jawo Sababbin 'Yan Wasa

Wasannin kwamfuta na shiga rigar jarumi, irin su Wizardry da Ultima da suka fito a Amurka a 1981, sai mai haƙuri. Ɗan wasa kan zana taswira da hannunsa, kuma kuskure guda na iya hallaka tawagarsa. Yuji Horii, wanda ya tsara Dragon Quest, ya san yaran Japan masu na'urar wasa ta Famicom ba za su jure haka ba. Da kamfanin Enix ya fitar da Dragon Quest a 1986, jarumi ɗaya ne, dodo ɗaya a kowane faɗa. Wasan na farawa a fadar sarki, ƙofa a kulle. Kafin ka fita sai ka buɗe akwatin taska, ka ɗauki makulli, ka koyi ba da umarni ba tare da ka ankara ba. In ka mutu, rabin zinarenka ke tafiya, ƙarfin da ka tara yana nan.

Masu suka kan ce sauƙaƙawa tana kashe armashi, su kafa hujja da Final Fantasy Mystic Quest na 1992, wanda kamfanin Square ya yi wa Amurkawa, gogaggu suka raina shi. Suna da gaskiya a kansa, domin zurfin wasan aka rage kacokan. Shi kuwa Horii jinkirta wahalar ya yi har hannu ya faɗa: kashi na biyu na Dragon Quest a 1987 ya kawo tawagar mutum uku, na uku a 1988 ya ba da damar sauya wa mayaƙa sana'a. Ranar fitowar na ukun sai da aka yi dogayen layuka a shagunan Tokiyo.