Fijo 504, lagireto da ruwan rijiya

1/ Wani ya turo min bidiyon Turawa masu tara tsofaffin motoci suna zuba wa inji abin sanyaya da babu ɗigon ruwa a ciki. Yana tambaya, zai yi wa a-kori-kurar babansa da ke ɗaukar buhunan shinkafa daga Kende zuwa Tsamiya? Bari mu koma baya tukuna.

2/ Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci, kuma 504 ta daɗe ana haɗa ta a can bayan Turai ta daina, har cikin shekarun 2000. Shi ya sa har gobe kowane bakanike a yankinmu ya san cikinta.

3/ A shekarar nan ta 1975 aka fara haɗa Volkswagen Beetle a Legas. Ita ko lagireto ba ta da shi, iska ke sanyaya ta. Wannan dai a gefe.

4/ Ruwa na tafasa a digiri 100. Murfin lagireto mai matse iska kan kai shi wajen 120. Shi kuwa wancan, irin na kamfanin Evans na Amurka, sinadarin glycol ne zalla, sai ya haura 180 kafin ya tafasa, kuma ba ya kawo tsatsa. A takarda kam ya yi.

5/ Amma fa ba sabon abu ba ne. Injin Merlin na Rolls-Royce, wanda ke cikin jiragen yaƙin Spitfire na Ingila, da glycol zalla ya fara. Yana yoyo, yana iya kamawa da wuta, kuma ba ya kwashe zafi kamar ruwa. Cikin Yaƙin Duniya na Biyu suka koma ruwa kashi 70, glycol 30, a matse. Injiniyoyin da ransu ke kan layi ke nan.

6/ Wato inji zai iya ƙara zafi, kawai ba za ka ga tururi ba. Mu kuwa tururin nan shi ke sa direba ya tsaya.

7/ Ga babbar matsalar: sai an tsane tsohon ruwan kusan gaba ɗaya kafin a zuba shi. Tiyo ya fashe maka a dajin Kaoje cikin zafin Afrilu, me za ka ƙara? Ruwan jarka. Shi ke nan, kuɗinka sun bi iska.

8/ Ni a ganina abin da ke cin Fijo ɗinmu ruwan rijiya ne zalla. Gangar injin ƙarfe ce, kan alminiyon, ruwa tsura na cin su biyun, laka da tsatsa su toshe lagireto. Ku buɗe murfi da safe, inji a sanyaye, ku ga jan ruwan da ke ciki.

9/ Na ce masa su wanke lagireton, su canja murfi da tiyo, su sa koren ruwan nan na galan mai hana tsatsa. Ya ce baban ya ce shekara talatin yana zuba na rijiya, motar ba ta taɓa kwana a hanya ba.